Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Turanci Ba Ya Ƙirga Gero Da Kuɗi?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a garin Amarawa, ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato. Bayan gaisuwa, ya ce yaronsa da ke shirin jarrabawar fita sakandare ya zo masa da wani batu da ya ɗaure masa kai. Wai a Turanci kuɗi ba sa ƙirguwa, gero da shinkafa ba sa ƙirguwa, amma wake da albasa suna ƙirguwa. Ya ce shi dai tun tasowarsa kuɗi yake ƙirgawa, kuma bai taɓa ganin wanda ya zauna yana ƙirga wake ba. Shin wa ya kafa wannan doka, yaushe aka kafa ta, kuma mene ne amfaninta ga manomi da mai awo?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma yaronka bai yi maka ƙarya ba. Haka abin yake a Turanci. Amma ka kwantar da hankalinka, domin abin da malaminsa yake koya masa a aji, kai ka daɗe kana yin sa a bakin buhu da mudu a hannunka. Bari mu fara da dokar, sa'an nan mu bi tarihinta.

Turanci ya raba sunayen abubuwa gida biyu. Gida na farko su ne waɗanda ake ɗauka ɗaya-ɗaya, kamar akuya da jaki da buhu. Waɗannan ana sa musu “a” ko “an” idan guda ne, a ƙara musu “s” a ƙarshe idan suna da yawa, wato “a goat”, “five goats”. Gida na biyu su ne waɗanda harshen yake kallo a dunƙule, kamar ruwa da gishiri da mai da gero da shinkafa da kuɗi. Waɗannan ba a sa musu “a”, ba a ƙara musu “s”, ba a kuma jingina musu lamba kai tsaye. Ba a cewa “five rices”. Sai an nemo ma'auni an sa a tsakani, a ce “five bags of rice”, wato buhu biyar na shinkafa. Kazalika kowane gida da kalmominsa na yawa da ƙaranci. Na farko yana tafiya da “many” da “few”, na biyu kuma da “much” da “little”.

A nan ne Bahaushe yake yin tuntuɓe, domin mu kalma ɗaya ce take yi mana aikin biyu. Muna cewa awaki nawa, muna cewa kuɗi nawa. Muna cewa mutane da yawa, ruwa da yawa, mutane kaɗan, ruwa kaɗan. Bature kuwa sai ya raba, ya ce “how many goats”, amma “how much money”. Har ila yau mu kan bar suna a tilonsa ko da lamba ta biyo baya, mu ce buhu goma, shekara arba'in, ba wanda zai ce mun yi kuskure. A Turanci wanda ya ce “ten bag” ya faɗi.

Game da wanda ya kafa dokar, amsa ita ce babu sarki ko gwamnan da ya zauna ya kafa ta. Bakin mutane ne ya saba da haka shekara da shekaru, masana suka zo daga baya suka rubuta abin da suka ji. Abin sha'awa kuma, waɗanda suka fi fito da batun fili mutane ne da suka yi fama da koya wa baƙi harshen. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya yi bayaninsa dalla-dalla a wani littafinsa na 1924. Sai kuma wani Bature ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a ƙasar Japan, ya ga ɗalibansa kullum a nan suke faɗuwa. Shi da abokan aikinsa suka shirya ƙamus wanda aka buga a birnin Tokyo a 1942, kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sake buga shi a 1948. A cikinsa aka riƙa sa harafin C a gaban suna mai ƙirguwa, harafin U a gaban wanda ba ya ƙirguwa. Wannan ƙamus shi ne kakan Oxford Advanced Learner's Dictionary da ake gani a hannun 'yan makarantarmu. Ka ce wa yaronka ya buɗe shi, zai ga haruffan nan biyu suna nan.

Yanzu mu dawo gida, mu fara da kuɗi, tun da su ne suka fi ba ka mamaki. Kana da gaskiya ƙwarai da ka ce kuɗi abin ƙirgawa ne, domin ita kanta kalmar jam'i ce. Tilonta shi ne wuri. Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a Sakkwato da Kano da Katsina da Ƙonni, kuma daga nesa yake zuwa, daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Hausa a 1851. Ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirgar wuri a Tasawa, biyar-biyar, ana tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000, har sai da mutum biyar ko shida suka taru kafin a gama ƙirga 500,000. A Kano kuwa ya tarar wuri 2,500 ne ake canzawa da dalar azurfa ɗaya. Daga wannan zamani ne muka gaji kalmomi irin su hauya, wato 20, da zambar, wato 1,000.

To amma ka lura da abin da ya faru. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa, ƙirga ɗaya-ɗaya ta zama wahala. Babban ciniki sai ya dogara ga keso, wato jakar tabarma mai cin wuri 20,000. Ka ga ke nan ko a wurinmu, da abu ya yi yawa sai a bar ƙirga shi, a koma ƙirga mazubinsa. Haka aka sake yi a zamanin fam da sule, lokacin da jaka ɗaya take nufin fam 100. Bayan da naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, shi ya sa dattawa suka ci gaba da kiran naira 200 jaka guda. Maƙwabtanku na Ƙonni kuwa, jikarsu sefa 1,000 ce, dalarsu kuma sefa 5.

Shi Bature ta wata hanya ya biyo. Kalmar “pound”, wadda muka mayar fam, asalinta sunan nauyi ne, shi ne wanda mahauta suke kira laba. A Ingila ta dā, daga laba ɗaya ta azurfa ake buga kwabo 240, kuma wannan lissafi ne ya iso mana, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ita kuwa “money” ta samo asali ne daga Moneta, laƙabin wata abar bauta ta Rumawa wadda a ɗakinta ake buga kuɗi a birnin Rum. Kalmar tana nufin dukiyar ciniki gaba ɗayanta, kamar yadda hatsi yake nufin abin da ke cikin rumbu. Saboda haka Bature yana ƙirga naira, yana ƙirga fam, yana ƙirga takardun kuɗi da tsaba, amma ita “money” ba ya ƙirga ta. Wannan shi ya sa tambayar farashi take zama “how much”.

Sai batun hatsi. A nan Hausa da Turanci bakinsu ɗaya. Kai ma ba ka cewa gero uku ko dawa bakwai. A gona dami kake ƙirgawa, a gida rumbu, a kasuwa mudu da tiya da kwano da buhu. In kuwa guda ɗaya tak kake nufi, sai ka ce ƙwayar gero, kamar yadda Bature zai ce “a grain of millet”. Fataken dā sun san wannan sarai. Gishirin Bilma da kantu ake sayen sa, goro da ƙwarya, wato guda 100, ko da huhu, tufa da kamu ko da turmi, man gyaɗa da kwalba. Kowane abu da ba ya ƙirguwa, kasuwa ta yi masa abin da za a ƙirga a madadinsa.

Malamanmu ma sun riga Jespersen yin wannan rabo, ko da yake su a kan kaya suka yi shi. A babin ciniki na littattafan fiƙihu an kasa kayan sayarwa zuwa abin da ake awo da mudu, da abin da ake aunawa a sikeli, da abin da ake ƙirgawa. Nisabin zakkar hatsi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, jimla mudu 1,200 ke nan. Manomi kuwa ya sauƙaƙa wa kansa, yana fid da dami ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar. Sura guda ce a cikin Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa inda ba a ƙirga abu, amana tana rataye ne a wuyan ma'auni.

To ina batun wake da albasa? Nan ne harsunan biyu suka raba hanya. Mu muna kallon wake da gyaɗa da albasa da tumatir kamar yadda muke kallon gero, ba mu damu da jam'insu ba. Bature kuwa yana cewa “beans”, “groundnuts”, “onions”, “tomatoes”, duk da “s”. Galibi abin da ƙwayarsa take da girman da hannu zai ɗauka ɗaya-ɗaya shi ne yake ƙirgawa, mai ƙananan ƙwaya kuma ya bar shi a dunƙule. Amma kada ka ɗauki wannan ma'auni ya zama ba ya kuskure. Alkama, wato “wheat”, ba ta ƙirguwa, alhali wani hatsi ɗan uwanta da suke ba dawaki, “oats”, kullum da “s” yake tafiya. Masara ma, duk da girman ƙwayarta, “maize” ce kurum.

Daɗin daɗawa, kalma tana iya ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. Akwai wani irin koren wake da Turawa suke ci. A dā sunansa “pease”, kuma ba ya ƙirguwa, kamar gero. Da yake ƙarshen kalmar yana kama da “s” ta jam'i, sai mutane suka ɗauka jam'i ce, suka yanke mata wutsiya a cikin shekarun 1600, suka sami “a pea” da “peas”. Kuskuren jiya ya zama dokar yau. Wannan zai tabbatar maka cewa rabon nan al'adar harshe ce, ba halittar abin ba.

Ku da kuke kusa da kasuwar dabbobi ta Illela, ga wani misali da ya shafe ku. Saniya mai rai “a cow” ce, ana ƙirga ta, amma namanta “beef” ne, ba ya ƙirguwa. Tunkiya “a sheep” ce, namanta “mutton”. Dalili kuwa tarihi ne. A 1066 wani basarake daga Normandi ta ƙasar Faransa, mai suna William, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada na tsawon lokaci, kalmominsa da yawa suka shige Turanci. “Mutton” ɗin nan ita ce “mouton” da za ka ji ɗan boko na Ƙonni yana kiran rago da ita. Ita kuma “cattle”, wato shanu a tare, ba ta da tilo, ba a cewa “a cattle”. Mai sayarwa sai ya ce “twenty head of cattle”, wato kai 20 na shanu, kamar yadda a dā ake ƙirgar jangali bisa kan kowace saniya. Asalin “cattle” da “capital”, wato jari, ɗaya ne, daga kalmar Latin mai nufin kai. Mu ma ai makiyayi idan ya ce dukiyarsa, shanunsa yake nufi.

Akwai kuma wani abu da ya sa batun nan ya fi rikita mutanen bakin iyaka. Amarawa da Illela da Ƙonni jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Turawa ne suka ja layi a tsakani. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da ke ciki na Ingila. Faransawa suka koka cewa an bar su ba hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tun daga nan ɗan wannan gefe yake karatun boko da Turanci, ɗan wancan gefe da Faransanci.

Su kuma harsunan nan biyu ba su yi rabonsu iri ɗaya ba. Bafaranshe yana jam'inta labari da shawara da kayan tafiya da kayan ɗaki, ya ce “informations”, “conseils”, “bagages”, “meubles”. Mu ma muna cewa labarai, shawarwari, kayayyaki. Turanci kuwa ya jefa su duka a gidan gero. “Information”, “advice”, “luggage”, “furniture”, “equipment”, ba ɗayansu da yake karɓar “s” ko “a”. In guda ɗaya ake nufi sai a ce “a piece of advice”. Ita ma “news”, duk da “s” da ke ƙarshenta, tilo ake ɗaukarta, a ce “the news is good”. Saboda haka yaron Amarawa da ya rubuta “advices” ko “luggages” ba daƙiƙi ba ne, Hausarsa da Faransancin maƙwabta ne suka ja shi. Sai dai mai duba takardar jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ba ruwansa da wannan uzuri, jan biro zai sa. Rashin cin Turanci kuwa ya tsayar da yara da yawa a ƙofar jami'a.

Iyakar nan ba harshe kaɗai ta raba ba, har da ma'auni. Faransa ta kafa tsarin mita da kilo tun 1795, ta kawo shi ƙasashen da ta mallaka. Ingila kuwa ta kawo mana laba da galan da yadi da mil, sai a cikin shekarun 1970 Nijeriya ta koma kilo da lita. Duk da haka mudu da tiya ba su mutu ba, kuma ba su zama ɗaya ba. Tiyar gero a Nijar takan kai wajen kilo biyu da rabi, ta yadda tiya 40 take cika buhu mai kilo 100, amma kai ka fi mu sanin cewa kwanon wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma awon da aka yi wa tozo daban yake da wanda aka shafe. Buhun shinkafar kanti kilo 50 ne, na gero da masara ya ninka haka. Buhun albasa kuwa, ko ta Galmi ko ta fadamunku, har hula ake ɗinka masa a kai.

A nan ne amfanin wannan darasi yake ga ɗan kasuwa. Duk sunan da ba ya ƙirguwa, shi kaɗai bai faɗi komai ba a takardar ciniki. Idan aka rubuta maka rasit ko takardar bashi ko ta kwastan da Turanci, ka sa a karanta maka, ka tabbata abu uku sun fito: lamba, da mazubi, da nauyin mazubin. “Rice” kawai ba magana ba ce. “20 bags of rice” rabin magana ce, tun da buhu suna ya tara. Cikakkiyar magana ita ce “20 bags of rice, 50 kg each”, wato buhu 20, kowanne kilo 50. Haka nan kuɗi, a rubuta ko naira ce ko sefa, domin jakar Illela ba ita ce jikar Ƙonni ba. Wanda ya ba da bashin hatsi da bazara don a biya shi da kaka, ya ambaci kwanon da aka auna da shi a gaban shaidu. Rigingimu da yawa da suke kaiwa gaban alƙali ko sarkin kasuwa daga wannan ɗan giɓi suke tasowa.

Shi kuma yaro, ga hanya mai sauƙi. Duk sunan da ya ci karo da shi, ya tambayi kansa, shin a Hausa zan iya cewa abu kaza uku, ko sai na nemo mudu ko kwalba ko buhu? In sai da ma'auni, to galibi a Turanci ma haka ne, kada ya sa “s”. Sa'an nan ya haddace 'yan kaɗan da suka saɓa. A gefe ɗaya wake da gyaɗa da albasa da tumatir, waɗanda Bature yake ƙirgawa. A ɗaya gefen kuɗi da labari da shawara da kaya, waɗanda ba ya ƙirgawa. Ya kuma kula da masu fuska biyu, kamar “chicken”, wadda in ta zo da “a” kaza ce mai rai, in ba “a” namanta ne, da “iron”, wadda ƙarfe ce, amma “an iron” dutsen guga ne. Inda ya rasa tsakanin “much” da “many”, to “a lot of” tana shiga ko'ina. Abin da ya shige masa duhu kuma, ya duba C da U a ƙamus.

Da fatan Malam ya gamsu, Allah ya ba yaro sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a kasuwa. Sauran masu sauraro kuma, muna nan muna jiran wasiƙunku. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.